Wanda Zai Shiga Babbar Randa

Nemea, Girka
11 ga Agusta, 2002

Zuwa ga matata Lamara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Kina shafa man da na aiko, ko shi ma kin raba wa tsofaffin unguwa kamar na farko? Yaya 'yarmu Ketino da karatu a Tbilisi? Ki gaishe mini da Baba Shalva da Inna Tsiala da duk wanda ya tambaye ni, in akwai mai tambaya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan da ke tuna mini shekaruna kowace safiya.

Takardarki ta iso ran Alhamis a hannun direban bas, tare da cukun. Cukun ya sha hanya, ya yi warin da ya sa Girkawan da nake aiki da su suka bar mini inuwar, na ci abina ni kaɗai a wadace.

Kin ce bayan jana'izar Baba Ilia, Inna Tsiala ta zauna a ƙofar coci ta sake ƙirga mutanen ƙauye da yatsu, an koma arba'in da uku. Shekarar da na auro ki mun fi ɗari uku. Makarantar da yanzu ake ajiye ciyawa a ciki, a lokacin yara uku-uku suke zama a benci ɗaya. Ki tambaye ta ko da ni a cikin arba'in da ukun nan. Ina so in sani.

Nan an kusa fara tsinka. Wata shida ke nan ina yi wa inabin wani mutum aski, ina ɗaure masa, ina kore masa tsuntsaye, nawa kuma yana can a hannun mace mai gwiwa ɗaya. Ba zan ci naman Stavros ba, maigidan nawa mutumin kirki ne, bai taɓa tauye mini haƙƙi ba. Amma a tankin ƙarfe suke zuba giyarsu, Lamara, su wanke shi da tiyo kamar masu wankin mota. Da na ba shi labarin randunanmu da ke binne a ƙasa har wuya, sai ya yi dariya ya ce, "To ku giya kuke binnewa ko gawa?" Na ce masa duka biyun, amma giyar muna tono ta da bikin Ista.

Yanzu maganar da kika rubuto a kanta. Ƙananan randuna huɗun kin iya wanke su daga sama da doguwar sanda, wannan na sani. Babbar ce matsala. Dole mutum ya sauka ciki da tsani, ya goge ta da ɓawon itacen ceri daga gindi har wuya, ya yi ta ɗauraya har ruwan ya fito ana iya sha. Shekara goma sha ɗaya ni ke shiga da kaina. Bana ba na nan, kuma ba zan iya zuwa ba. Kin san ba ni da takardu, in na ƙetare iyaka sau ɗaya babu komowa.

Kin ce a duk ƙauyen mutum ɗaya ya rage mai ƙarfin aikin kuma mai jikin da bakin randa zai ɗauka, wato Otar. Na ga yadda kika rubuta sunan ƙarami a ƙarshen layi, kamar mai ajiye ƙwai. Amsata a'a ce. Otar ba zai taka ɗakin randunana ba. Kina wurin ranar da giyarmu ta fito da tsami, kin san abin da ya biyo baya, kada ki sa ni in maimaita.

Amma kuma ba za a bar ta babu komai ba. Kakana ya binne ta shekarar da aka haifi mahaifina, kuma tun daga ranar ba ta taɓa tsallake girbi ba, ko lokacin yaƙi da mata ne suka cika ta. Randar da ta shekara a bushe fumfuna ke shiga jikinta, ba ta ƙara yin giyar kirki. Ba a hannuna za ta mutu ba. Ki aika wa ƙanenki Vano a Telavi. Shekara ashirin yana sha daga cikinta, ya zo ya ga inda abin ke fitowa. Ki ce masa ya goge ya fito, ba sai ya tsaya kalle-kalle ba. Ki zura kyandir tukuna, in wutar ta mutu babu iskar shaƙa a ciki, kada kowa ya sauka. Ki tsaya a bakin randar ki sa shi ya yi ta waƙa kamar yadda aka saba, in waƙar ta yanke ki kira mutane a jawo shi.

Allah ya tsare mana amfanin daga ƙanƙara. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Guram


Nemea
1 ga Satumba, 2002

Lamara tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ke da gwiwar da duk mutanen gida. Ina fata zafin ya fara sauƙi a wajenku. Nan mun shiga tsinka, hannuwana sun yi baƙi har gwiwar hannu.

Labarin Vano ya iso. Kin ce ya zo da sabuwar riga, ya zura ƙafafu, ya wuce har cibiya, daga nan randa ta ce ta ƙoshi. Ba shiga, ba fita. Sai da aka shafe shi da man girki, Baba Shalva na jan hannu ɗaya, Fadan coci na jan ɗayan, Inna Tsiala na tsaye tana cewa, "Ku bar shi a nan mana, ga murfi Allah ya kawo, ba sai an nemi dutse ba." Na yi dariya har hawaye. Ita ce dariyata ta farko tun da na baro gida. Ki ce wa Vano na gode, laifina ne da na manta da tumbinsa.

Amsar Inna Tsiala ma na ji. "Wanda hayaƙinsa ba ya tashi a nan ba na ƙirga shi. In yana so ya shiga ƙidaya ya zo ya yi tari in ji." Gaskiyarta. Ta yi mini zafi, amma gaskiyarta.

Sai abin da kika rufe takardar da shi. Kin ce saura mako uku inabin ya nuna, ko Otar ya shiga ko ke ki shiga da gwiwarki. Kuma kika tambaye ni, "Guram, me ke cikin randar nan da kake tsoron a gani?" Kwana biyu ina yawo da tambayar a aljihu tsakanin layukan inabi. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Kin tuna shekarar da na faɗo daga amalanke na karya hannu. Otar ya wanke mana babbar, kamar yadda yake wanke ta ƙauyuka bakwai a kwarin nan, aikinsa ke nan tun yana saurayi. Da Ista muka buɗe, ta fito kamar ruwan tsami. A teburin coci, gaban mutum fiye da ɗari, Baba Shalva ya miƙo mini ƙahon sha don in yi magana, na miƙe na ce, "Otar, wankan kyanwa ka yi mini, ka kashe mini shekara." Ya dube ni ya ce, "Na wanke ta kamar ta ubana, Guram." Ya ɗauki hularsa ya tafi. Duk wannan kin sani.

Ga abin da ba ki sani ba. Da girbi ya zagayo hannuna ya warke, na shiga da kaina. A can gindi, inda hasken kyandir ke kaiwa da ƙyar, na tarar da tsaga, saiwar ɓaure mai kaurin ƙaramin yatsa ta leƙo ta ciki. Ɓauren mahaifina ne, wanda ke bayan ɗakin. Shi ya huda randar, iska da ruwan ƙasa suka shiga. Jikin randar kuwa fes yake, ko mai neman laifi ba zai samu ba. Na yanke saiwar, na toshe tsagar da farar ƙasa da kakin zuma, na fito ban ce da kowa komai ba. Da sanyi ya shigo na sare ɓauren, na ce miki inuwa yake yi wa inabi. Kin yi kuka saboda 'ya'yansa da kike shanyawa, na bar ki kina yi.

Na yi niyyar zuwa gidan Otar, Allah shaida. Kullum sai in ce gobe. Kafin goben ta zo magana ta riga ta zagaye ƙauyukan bakwai, babu mai kiransa wanki. Da idona na ga ya ɗauki sanda ya hau dutse kiwon shanun wasu, mutumin da ake aiko wa da doki a ɗauke shi. Kowace shekara maganar na ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara tsanarsa, don duk inda na hango shi sai in tuna ko ni wane ne. Shi ya sa ba na barin kowa ya sauka. Vano ɗan birni ne, ko ya ga facin ba zai san ko mene ne ba. Otar kuwa tafin hannunsa kawai zai ɗora.

Ki duba kuma abin da na jawo wa ƙauye. Shekara goma sha ɗaya Baba Shalva na tsara gayyar tsinka kamar mai raba faɗan zakaru, ranar da gidan Otar ke gona gidanmu ba ya zuwa, ranar tamu su ba sa zuwa. Muna ɗari uku ana iya wannan wasan. Mutum arba'in da uku, rabinsu da sanda, ba za su iya ba.

Ba zan aike ki ki roƙe shi a ɓoye ta bayan gida ba. Abin da aka faɗa a tebur, a tebur ake janye shi. Ga wata takarda nan a ciki, ki kai wa Baba Shalva. Gonarsa ce ke fara nuna, a gidansa za a yi teburin gayya na farko, kowa zai zo har da Otar. Ya karanta ta a can, da ƙarfi, kada ya tsallake ko kalma ɗaya don ya rufa mini asiri.

Bayan haka kada ki ce wa Otar komai a kan randa. In ya zo, ya zo. In bai zo ba haƙƙinsa ne, ki cika ƙananan, babbar ta mutu, kuma a san ni na kashe ta. Ke dai ba za ki taka tsanin nan ba. Wannan ba shawara ba ce.

Ke ma na yi miki ƙarya shekara goma sha ɗaya. Ban san yadda ake rubuta neman gafarar wannan ba, na bar shi sai na ga fuskarki.

Mijinki, in har yanzu kina so,
Guram


Nemea
1 ga Satumba, 2002

Zuwa ga Baba Shalva, da duk wanda ke zaune a teburinsa yau,

Ina gaishe ku da sannu da aiki. Allah ya sa albarka a abin da kuka tsinka, ya ji ƙan waɗanda suka dasa shi suka riga mu tafiya, har da Baba Ilia da ban samu zuba masa ƙasa ba. Baba, ka yi haƙuri na sa ka karatu da tsufanka. Na san idan ka ɗauki ƙaho babu mai katse ka, shi ya sa na zaɓe ka.

Ni Guram ɗan Vakhtang ne ke magana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar Ista, na tsaya a gabanku na ce Otar ɗan Giorgi ya yi mini mugun wanki ya ɓata mini giya. Ba haka ba ne. Saiwar ɓauren gidanmu ce ta tsaga randar. Wata shida bayan nan na gani da idona, na toshe, na sare ɓauren, na yi shiru. Ranar farko kuskure na yi cikin fushi. Daga ranar da na ga saiwar zuwa yau kuwa ƙarya ce, da sanina.

Otar bai taɓa yin wankin banza ba. Duk wanda ya daina kiransa saboda maganata, ni na ruɗe shi. Wanda ke da dangi a sauran ƙauyuka ya kai musu wannan kamar yadda aka kai musu waccan, ko da yake na san waccan ta fi gudu.

Otar, ba na roƙonka komai. Shekarun da ka yi a kan dutse bayan shanun mutane ba ni da inda zan samo maka su. Sunanka ne kawai a hannuna, ga shi na dawo maka da shi, a makare.

Ku sha don lafiyarsa. Nawa ƙahon ku kife shi.

Naku,
Guram


Nemea
13 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga matata Lamara,

Gaisuwa mai yawa da sannu da gajiyar girbi. Ina fata gwiwar ba ta rama abin da kika yi mata a makonnin nan ba. Ki gaishe da Ketino, ki ce mata na ji ta zo ta tsinka kwana biyu, Allah ya yi mata albarka. Mu nan mun gama, an wanke tankuna da tiyo, an tafi.

Mako shida ina jiran takardarki. Duk Alhamis ina bakin titi, direban har ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa alamar babu. Na san shirun naki hukunci ne, kuma na karɓa. Da ta iso na ga shafi huɗu, babu "tawa" babu "naka", sai labari tsagwaro. Ya ishe ni.

Kin ce Baba Shalva ya karanta bai tsallake komai ba, har ya maimaita wurin ƙaryar don Inna Tsiala ta ce ba ta ji ba, alhali ta ji. Otar kuwa bai daina cin abincinsa ba, sai da ya cinye gurasar hannunsa ya share baki, sannan ya ce, "Baba, takardar nan ta iya magana. Amma takarda ba ta da ido, ba ta jin kunya." Da wani ya tambaye shi ko bai yi mamaki ba, ya ce, "Tun ran da na ji gatari a jikin ɓauren na sani. Mutum ba ya sare itacen ubansa don inuwa. Amma ba ni zan wanke sunana da bakina ba, wanda ya ɓata shi yana da nasa bakin."

Wannan ne ya kayar da ni, Lamara. Duk shekarun nan ina wuce shi a hanya da kai sama, ashe yana kallona yana sane.

Sai kika ce bayan kwana biyu, da sassafe, kin ji ana buga ƙofar ɗakin randuna. Ga shi da tsaninsa da ɓawon cerinsa, bai ko gaishe ki sosai ba ya ce, "Randar ba ta yi mini laifi ba. Kawo kyandir." Kika tsaya a baki, ya sauka, ya kama waƙa. Kin ce muryar ta tsufa amma randa ta gyara masa ita, har matan da ke wucewa zuwa rijiya suka tsaya a bakin shinge. Can waƙar ta yanke, kika leƙa kina kiran sunansa, sai kika ji daga ƙasa, "Lamara, wa ya yi facin nan, mijinki ko akuyarku?" Ya kankare nawa duka ya sake sabo. Ki faɗa masa akuyar ta fi ni haƙuri, da ita ta yi da ya fi kyau.

Ranar gayyarmu kin ce kowa ya zo in ban da biyun da ba sa tashi daga gado. Matar Otar ta zo da tukunyarta kamar ba a taɓa yin komai ba, Fada ya naɗe rigarsa ya shiga kwamin da ake tattaka inabi, aka gama gonar kafin rana ta karkata, abin da ni da ke muke kwana uku muna yi. Babbar ta cika har wuya, tana tafasa ana jin ta daga tsakar gida. Na karanta wurin nan na fita na zagaya gonar Stavros sau biyu ba tare da na san abin da na fita yi ba.

Sharaɗinsa ma na ji. Shi zai riƙa zuwa yana juya giyar har ta lafa, shi zai ɗora dutsen ya liƙe da yumɓu, ya danna tafin hannunsa a kai. Babu mai fasa hatimin nan sai na zo. Ranar Ista, a teburin coci, in tsaya da ƙafafuna in faɗi abin da takarda ta faɗa, ina kallonsa. In ban zo ba ta zauna a rufe, ko shekara nawa ne.

Bai yafe mini ba, kuma daidai ne. Da ni ne ban san ko zan ɗauko tsanin ba.

To ga abin da na yanke. Na ce zan yi shekara uku a nan, ba zan yi ba. Ketino za ta gama karatu a watan Yuni, kuɗin makarantarta na riga na ji da shi. Rufin gidan da muka ce za mu sake ya jira, ya saba da bokiti. Na faɗa wa Stavros jiya. Ya ce, "Saboda tukunya ɗaya za ka bar aiki? Ka san ba za su bar ka ka dawo ba." Na ce na sani. Na yi masa alkawarin zan gama masa askin inabi na bana tukuna, don bai cancanci in bar shi da almakashi a hannu ba. Ana gamawa zan hau bas. Kafin makon Ista ina gida, in Allah ya yarda, in bas ya ƙi in taka.

Stavros ya ce zai yanko mini reshe daga ɓaurensa, mai baƙaƙen 'ya'ya, irin wanda ake shanyawa. Naki ne. Ba zan dasa ba sai Otar ya nuna mini wurin da saiwa ba za ta kai ɗakin ba.

Kada ki roƙa mini sassauci wurin kowa. Ki dai wanke mini farar rigata, kuma ki ce wa Baba Shalva ya zaunar da Otar inda zan gan shi sosai. Inna Tsiala kuma ta ware yatsa ɗaya ta riƙe, ina zuwa in yi mata tari.

Ki huta lafiya, Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Guram